Mun Yi Jinyar Hannu, Ciwon Yana Kai

Da sunan Allah mai ba da lafiya, mai kuma mayar da ita bayan ta tafi. Na zauna rubuta wannan ne don duk wadda ta zo mana dubiya sai na faro mata labarin tun daga tushe, shayinta ya huce a gabanta ban kai rabi ba. Gara in ajiye shi wuri guda. Wadda mijinta ke hawa keke ta karanta, wadda ɗanta ke tuƙa mota ita ma ta zaunar da shi ta karanta masa.

Ni mace ce ta cikin gida. Tun da Malam ya kawo ni Makka daga Kano ina amarya, a Tandabawi muke zaune, hawa na biyu a wani tsohon gida mai ƙunƙuntar matakala. Titunan garin nan ban san su ba sosai, amma takun duk wanda ke hawa matakalar nan na san shi. Malam tela ne, jallabiya yake ɗinkawa a shagon wani Balarabe a Rusaifa, kuma a keke yake zuwa, a keke yake dawowa, tun gemunsa yana baƙi. 'Yarmu Safiya, wadda aka haifa a nan take aure a nan, Larabcinta ya fi Hausarta, ta sha ce masa, "Abuya, halas, ya isa haka mana, ka bar keken nan, ka girma." Shi kuwa ya ce keke ba ya shan mai, ba ya neman wurin ajiya, ita ta je ta ji da mijinta da kullum yake zagaye unguwa yana neman inda zai tsayar da mota.

A tsakiyar Sha'aban ne, da la'asar, ina tankaɗen garin tuwo, na ji taku biyu suna hawowa maimakon ɗaya, kuma ban ji ƙarar sarƙar da yake ɗaure keken da ita a ƙarƙashin matakala ba. Na buɗe ƙofa na ga Malam riƙe da hannunsa na dama a ƙirji, jallabiyarsa ta yage a gwiwa, hularsa tana kansa daram. A bayansa Laminu ne yana kuka kamar ba namiji ba.

Laminu mutumin Maraɗi ne, a ɗakin ƙasa yake kwana da wasu direbobi, yana tuƙa babbar bas mai ɗaukar masu Umra daga otal zuwa Harami. Yaro ne mai ladabi, Baba yake ce wa Malam, ni kuma Inna, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na aika masa miyar kuka. Shi ne ya zo wuce Malam a hanya, ya matse shi jikin dakalin titi, Malam ya faɗi. Jama'a sun taru, wani ya ciro waya zai kira murur, 'yan sandan hanya. To Laminu iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta lebura ce, ba ta direba ba, in suka zo sai dai ya ga filin jirgi. Malam ya ɗaga kai ya ga ko wane ne, ya ce wa mutanen, "Ba wanda zai kira kowa. Ɗana ne. Na yafe."

Na ce, "Malam, ban da hannun, ina da ina?"

Ya ce, "Hannun ne kawai. Kuma maganar nan ta mutu a titi, kada in ji ta a gidan nan."

Wanda ya san Malam ya san in ya ce ya yafe, ko a mafarki ba ya komawa. A wurinsa, ka ce ka yafe sannan ka riƙa lissafa wuraren da ke maka ciwo, kamar ka ba mutum kyauta ne ka bi shi kana tuna masa.

Yayansa, Yaya Alhaji, ya zo daga Rusaifa bayan magariba. Shi ne babbanmu a garin nan, shi ke jagorancin alhazai a Mina duk shekara, ya saba ya yi magana a bi. Ya ce asibiti ba namu ba ne, da mun shiga za su tambayi takardar murur, mu tona wa yaron asiri bayan ɗan'uwansa ya rufa masa. Ya kawo mai ɗori, wani dattijo Bakatsine. Gaskiya ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aikinsa. Ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure, kuma yau in kun ga wuyan hannun nan ba za ku ce ya taɓa karyewa ba. Allah ya saka masa. Hannu muka nuna masa, hannu ya gyara.

Har Sha'aban ya ƙare jinyar mai daɗi ce, in akwai jinya mai daɗi. Farfesun ƙafar sa, man shanu, baƙi suna shiga suna fita, Malam yana zaune a tsakiya yana ba da labarin Kano ta dā. Laminu kullum sai ya hawo da leda, yau ayaba, gobe burodin tamis mai zafi, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Abu ɗaya na lura, Malam ba ya cire hula, har barci da ita yake yi. Na tsokane shi na ce ko sabon sanƙo ya fito ne ake ɓoye mini, ya yi dariya ya ce sanyin na'ura ne yake shigar masa kai.

Da aka kama azumi ciwon kai ya fara. Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin da in ka taɓa ƙarfen taga da rana sai ka cire hannu. Kowa ya ce azumi ne. Yaya Alhaji ya ce rashin shayin safe ne, duk ɗan shayi haka yake yi a farkon wata. Matar maƙwabcinmu ta kawo man habbatussauda ta ce a shafa a goshi. Na shafa. Wata ta ce in jiƙa tawul da zamzam in ɗora masa. Na ɗora. Ya fara barci da yawa, amma wa zai ga laifin barcin rana a Makka cikin Ramadan? Garin gaba ɗaya kwance yake har la'asar.

Abin da ya fara tayar mini da hankali a kunne na ji shi. Silifas ɗin Malam in zai shiga banɗaki, taf taf suke yi, tun ina amarya haka nake jin su. A makon nan na biyu na azumi sai na ji taf, shuuu. Taf, shuuu. Ƙafar dama tana jan ƙasa. Na leƙo na duba, da ido ba ka ganin komai. Na faɗa wa Yaya Alhaji, ya ce, "Mutumin da ya faɗi ta gefen dama, ta ina kike so ya ɗingisa?" Na bar shi a haka, don maganar ta yi kama da gaskiya. Yatsun hannun dama ma sun daina motsi sosai, amma hannun a ɗaure yake, kowa ya ce ɗorin ne.

Sai magana. Muna buɗa-baki ya ce, "Miƙo mini allurar nan." Na duba ban ga allura ba. Ya nuna dabino, ransa a ɓace, kamar ni ce ban gane ba. Washegari ya kira Safiya da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun muna Kano. Safiya ta yi dariya ta ce, "Abuya ya tsufa, wallah." Ni ban yi dariya ba. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba ya daka mini tsawa a kan kunu ya yi zafi, bayan ɗan lokaci kuma ya tambaye ni me ya sa idona ya yi ja.

Daga nan shawarwari suka canja launi. Wata ta ce baki ne, mutane sun cika yabon haƙurin da ya yi wa Laminu. Wata ta ce wurin da ya faɗi ne ba kyau, tsohuwar unguwa ce da aka rushe, ba a san abin da ke zaune a wurin ba. Aka kawo ɗalibin ilimi ya yi masa ruƙiyya, Allah ya ba shi lada, karatunsa ya sanyaya mini zuciya, kuma shi kaɗai ne da zai fita ya ce, "Inna, a haɗa da likita." Yaya Alhaji ya ce mataccen jini ne ya taru, ƙaho za a yi masa a ƙeya.

Wanzamin ya zo bayan an sha ruwa. Ina bayan labule ina jin ƙarar askarsa. Can na ji askar ta tsaya.

"Malam, wannan tabon na bayan kunnen hagu fa? Sabo ne ai, har yanzu wurin bai gama sacewa ba."

Malam ya ce, "Tsoho ne. Yi aikinka."

Ya yi aikinsa, ya zuƙe jini baƙi, aka nuna wa Yaya Alhaji ya ce ga ciwon nan ya fito. Ni kuwa na kwana ina juya maganar. Mutum ya faɗi ta dama, ya karya hannun dama, me ya kai tabo bayan kunnen hagu?

Amsar ma a matakala na tsince ta. Ranar da aka shiga goman ƙarshe, dab da azahar, Laminu yana waya a ƙasa da wani abokin aikinsa, muryarsa tana hawowa. Na ji ya ce, "A'a, madubin dama sabo ne, tun Sha'aban na canja shi, wancan ya tarwatse." Na taɓa ganin bas ɗinsa ta taga. Madubinta a kan wani dogon ƙarfe yake, ya miƙo waje kamar hannu, kuma tsayinsa daidai kan mutumin da ke zaune a keke.

Na yafa mayafi na sauka, ni da sai in yi wata ban taka matakalar nan ba.

"Laminu, da me madubinka ya fashe?"

Ya kashe wayar. Ya dubi ƙasa.

"Da kai nake. Hannu ba ya kaiwa can."

"Inna, Baba ya ce in na faɗa bai yafe ba."

"To ni ban ce maka komai ba tukuna. Faɗa mini."

Ya ce jikin motar bai taɓa keken ba ko kaɗan, shi ya sa ya ɗauka zai wuce lafiya. Madubin ne ya maki Malam a bayan kai. Ya ce da ya sauko ya same shi kwance ido a buɗe ba ya magana, sai da aka yayyafa masa ruwa ya dawo, kuma abin da ya fara yi shi ne laluben hularsa.

Na hawo na tarar da Malam yana sallar azahar a zaune. Karatun ɓoye ne, amma nakan ji motsin leɓɓansa. Ya kai tsakiyar Fatiha ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun bai yi gemu ba. Bai sallame ba ya kife ya yi amai, ya kwanta a kan dardumar, ina girgiza shi yana buɗe ido da ƙyar yana rufewa.

Na kira Safiya, na kira Yaya Alhaji. Yaya ya riga ta isowa. Ya dube shi ya daɗe, na ga shi ma ya tsorata, amma sai ya ce, "Yanzu hanyoyi a rufe suke, asibitoci cike da masu Umra. A bari a yi Salla. Kuma in kwana ne ya ƙare, ki gaya mini wa ya fi wanda ya cika a Makka cikin goman ƙarshe, aka sallace shi a Harami? Mutane gonakinsu suke sayarwa su zo neman wannan."

Tunda na shigo gidansu ban taɓa mayar masa da magana ba. Na ce, "Yaya, Harami yana nan, ba inda za shi. Duk ranar da Allah ya kira shi ni zan fara cewa a kai shi. Amma yau asibiti za shi."

Laminu da mijin Safiya suka sauko da shi a bargo. Tafiyar da ba ta da nisa ta zama doguwa, ko'ina an gitta ƙarfe, ko'ina fararen harami, ana juya motoci. A ɗakin gaggawa kuwa ba wurin sa ƙafa. Tsofaffin da rana ta buga, masu ciwon suga da azumi ya kayar, wata 'yar Indunusiya tana kuka ba mai jin yarenta. Aka ba mu lamba aka ce mu jira. Muka jira har inuwa ta juya, kan Malam a cinyata, numfashinsa yana wani irin gurnani da ban taɓa ji ba. A teburin karɓa suka dubi katin inshorarsa suka ce tunda haɗarin mota ne, ina takardar murur? Babu. Nan ma aka tsaya. Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da mutanen teburin nan, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Amma a wurin ne kuma wata nas, 'yar Filifin, tana wucewa ta tsaya, ta buɗe idon Malam ta haska, ta buɗe ɗayan, sai kawai ta ƙwala kira, aka turo gado. Ban san sunanta ba. Kullum tana cikin addu'ata.

Likitan ɗan Sudan ne, dogo, mai furfura. Safiya ce take fassara mini. Ya bugi kansa? Yaushe? Ya suma? Yana shan maganin tsinka jini? Na ce yana shan 'yar ƙaramar ƙwayar nan ta zuciya kullum da sahur, ni nake miƙa masa. Ya rufe ido ya buɗe. Da hoton kan ya fito ya kira mu ya nuna mana wani abu kamar jinjirin wata a gefen hagu, ya danne ƙwaƙwalwar ya tura ta gefe. Kalmar da ya faɗa ta zauna mini, nazif, wato zubar jini. Ya ce tun ranar da aka buge shi wata 'yar jijiya take ɗiga a ciki, kaɗan kaɗan kamar famfon da bai rufu ba, ƙwayar nan kuma tana hana shi tsayawa. Ya ce da an jira Salla, ba Salla za mu yi ba.

Ya tambayi yadda aka yi, Laminu yana tsaye a bayanmu ya ce, "Ni ne." Likitan bai yi masa faɗa ba. Ya ware hannuwansa biyu ya ce a ƙasar da ya yi karatu doka ce, in za ka wuce mai keke ka bar masa kamar haka, mita ɗaya da rabi, in babbar mota ce ma fiye, in babu wurin kuma ka bi shi a baya har wuri ya samu. Ya ce direba jikin motarsa yake aunawa ya manta da madubi, ya manta mai keke yakan kauce wa rami, ya manta iskar babbar mota kaɗai tana iya jan mutum.

Aka yi aikin a ranar. Huda biyu suka yi a ƙoƙon kan suka sa roba jinin ya fita. Mun sha ruwa a barandar asibiti da dabinon da wani bawan Allah yake rabawa, Yaya Alhaji yana gefe yana jan carbi, can ya tashi ya miƙo mini ruwansa. Maganar kuɗi kuwa, Laminu ne ya warware ta ta hanyar da ba wanda ya sa shi. Da kansa ya je wurin murur ya faɗi abin da ya faru don a samu takardar. Aka samu. Shi kuma aka ga iƙamarsa, kafilinsa da ya ɗauko shi aiki ya ce ba ruwansa, aka buga masa takardar fita daga ƙasar. Abin da inshora ba ta ɗauka ba, mutanen unguwa suka haɗa a masallaci, har da waɗanda ban san suna gaishe mu ba. Allah ya biya kowa.

A asibiti muka yi Salla. Malam ya farka, ya gane ni, ya kira dabino dabino. Ƙafar ta dawo a hankali. Yatsun dama ne har yau ba su iya zura zare a allura, kuma likita ya ce mu sa ido, irin wannan jinin yakan sake taruwa, ko ciwon kai kaɗan ya yi mu dawo da gudu. Don haka ni dai roƙona, duk wanda ya faɗi a keke ko babur, ku cire masa hula da hannunku ku duba, kada ku tambaye shi. Mazanmu ba sa faɗa.

Akwai abin da bai dawo ba. Daga ranar da ya fita shago a Sha'aban har ranar da ya farka, babu komai a kansa, an share. Bai san ya faɗi ba, bai san ya yi azumi ba.

Ana gobe Laminu zai tafi ya hawo sallama, ya durƙusa a bakin ƙofa inda ya saba. Yaya Alhaji yana nan, Safiya tana nan.

"Baba, zan tafi gida. Ka ƙara yafe mini."

Malam ya dube shi sosai. "Me ka yi mini?"

Ba wanda ya taimaki Laminu, sai da ya faɗa da bakinsa, tun daga fitowarsa daga otal har fashewar madubin.

Malam ya ce, "Da za ka wuce ni, nawa ka bari tsakaninmu?"

Laminu ya ɗaga hannuwansa biyu, ya matso da su, ya ƙara matsowa. Abin da ya rage bai fi faɗin farantin shayi ba.

"Ka gan ni?"

"Na gan ka, Baba. Har na gane kai ne."

"To me ya hana ka jira?"

"Ana ta yi mini hon a baya. Kuma an kusa tayar da salla, fasinjoji suna ta magana."

Malam ya shafa wurin ɗinkin da hannun hagu.

"A Maraɗi ma tuƙi za ka yi?"

"Shi na iya, Baba."

"To. Nawa kan, an ce na yafe, ban tuna ba, amma na sake yafewa. Na mutumin da za ka tarar a gabanka a can, ba ni da ikon yafe maka shi. Ka je, Allah ya kiyaye hanya."

Laminu ya tashi ya sauka. Ni ban ce na yafe ba, bai kuma tambaye ni ba.